TAKUNKUMI A MAJAMI'A: YADDA KIRISTOCIN FARANSA SUKA YI DA DOKAR ANNOBA

Takunkumi ɗan ƙyalle ne wanda bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Amma a shekarun annobar korona, daga 2020 zuwa 2022, ya tayar da gardama a majami'un ƙasashe da yawa. Wasu suka ce bai dace mutum ya rufe fuska a gaban Ubangijinsa ba. Wasu suka ce wanda ya rufe baki da hanci, ran ɗan uwansa yake tsarewa. A ƙasar Faransa maganar ta kai gaban alƙalai, ta kai kuma hannun ƴan sanda. Yau za mu kawo wa masu karatu labarin yadda aka yi a can, domin akwai abin koyo a ciki ga magabata, da shugabannin addini, da talakawa baki ɗaya.

Taron Muluz

Muluz gari ne a gabashin Faransa, cikin yankin Alzas, kusa da iyakar Jamus da Suwis. A can akwai wata babbar majami'ar ƴan Bishara mai suna La Porte Ouverte Chrétienne. Kowace shekara takan shirya makon azumi da addu'a. Na shekarar 2020 ya soma ranar 17 ga watan Fabrairu, kuma mutane wajen 2,000 suka halarta, daga sassan Faransa da ƙasashen waje. Suka yi kwanaki suna waƙa da addu'a cikin zaure guda, kafaɗa da kafaɗa. Babu wanda ya sa takunkumi, domin a lokacin babu dokar da ta ce a sa, kuma gwamnati ba ta hana taro ba tukuna.

Da taro ya watse, kowa ya koma garinsu. Bayan ƴan kwanaki sai zazzaɓi da tari suka soma kama su. Shugaban majami'ar, Fasto Samuel Peterschmitt, shi ma ya kwanta. Cutar ta bi matafiya har tsibirin Korsika, har Guyan ta Faransa a ƙetaren teku. Ta iso ma maƙwabciyarmu Burkina Faso. Ranar 9 ga watan Maris hukumomin Wagadugu suka ba da sanarwar mutum biyu na farko da suka kamu a ƙasar: Fasto Mamadou Karambiri da mai ɗakinsa, waɗanda suka dawo daga taron Muluz. Daga baya Allah ya ba su lafiya.

A Muluz kuwa gidan likita ya cika maƙil. Sai da sojoji suka kafa asibitin tanti mai gado 30, aka kuma riƙa kwasar marasa lafiya a jirgin sama zuwa kudancin ƙasar, wasu aka ƙetara da su Jamus. Mutanen majami'ar suka sha zagi da barazana, alhali ba su karya dokar kowa ba. Sai dai tun daga lokacin kowa ya gane cewa wurin ibada na iya zama mashigar annoba.

Me ya sa wurin ibada yake da haɗari?

Ƙwayar cutar korona tana fita ne tare da numfashi da tsartuwar yawu. Manyan ɗigo suna faɗuwa nan kusa, amma ƙanana suna daɗewa suna shawagi cikin iska kamar ƙurar hunturu, musamman a ɗakin da ke rufe. Mai magana ya fi mai shiru fitar da su, mai waƙa kuma ya fi mai magana. Abin da ya ƙara dagula lamari shi ne, mutum na iya ɗauke da cutar yana yaɗa ta tun kafin ya ji ciwon kai. Ibadar Kiristoci kuwa ta haɗa duk waɗannan: jama'a da yawa, ɗaki a rufe, dogon zama, waƙa da babbar murya, ga kuma tsofaffi a sahun gaba.

Wani abu da ya faru a Amurka ya tabbatar da haka. Ranar 10 ga watan Maris na 2020, a jihar Washinton, mawaƙa 61 suka taru a zauren wata majami'a don gwajin waƙa na awa biyu da rabi. Mutum guda ne a cikinsu ba shi da lafiya. Bayan haka aka ƙirga 53 da suka kamu ko suka nuna alamun kamuwa, biyu suka rasu.

Aikin takunkumi shi ne tare wannan tsartuwa tun daga bakin mai ita, da rage abin da na kusa zai shaƙa. Ba ya tare komai da komai, amma idan kowa ya sa, haɗari yana raguwa. Sai dai a farkon annoba hukumomin Faransa da kansu sun ce mai lafiya ba ya bukatarsa, a lokacin da ko ma'aikatan likita ba su samun isasshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai a watan Yuni na 2020 ta shawarci jama'a su riƙa sawa a wuraren cinkoso. Wannan sauyin magana ya bar shakka a zukatan mutane da dama, kuma masu ƙin doka sun riƙe shi hujja.

An rufe, kotu ta buɗe

Ranar 17 ga watan Maris na 2020 aka kulle Faransa baki ɗaya. An bar ƙofofin majami'u a buɗe ga mai son yin addu'a shi kaɗai, amma an hana taro, sai fa na jana'iza, shi ma kada a wuce mutum 20. Idin Ista na shekarar, wanda ya faɗo ranar 12 ga watan Afirilu, a rediyo da talabijin da intanet masu bi suka saurare shi.

Ranar 11 ga watan Mayu aka soma sassautawa. Kantuna suka buɗe, jiragen ƙasa suka ci gaba da ɗaukar ma'aikata, amma taron ibada yana nan a hane. Sai wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara babbar kotun da ke shari'a tsakanin talaka da hukuma, wadda ake kira Conseil d'État. Ranar 18 ga watan Mayu kotun ta yanke cewa hana ibada ƙwata-ƙwata ya wuce gona da iri, ya kuma taka ƴancin addini, tun da akwai matakai masu sauƙi da za a iya ɗauka. Ta ba gwamnati kwana 8 ta gyara.

Ranar 23 ga watan Mayu sabuwar doka ta fito. Ta yarda a koma ibada bisa sharuɗɗa: duk wanda ya kai shekara 11 ya sa takunkumi, a bar tazara tsakanin mutane, a tsabtace hannu a bakin ƙofa. An yarda a sauke takunkumin na ɗan lokaci idan wani rukunin ibada ya bukaci haka. Alhakin kiyaye wannan duka yana wuyan mai kula da wurin. Dokar ba ta ware Kiristoci kaɗai ba, ta haɗa da masallatai da wuraren ibadar Yahudawa. Ke nan takunkumin da wasu ke kallo kamar sarƙa, shi ne mabuɗin da ya buɗe ƙofar majami'a, tun ma kafin a tilasta shi a sauran wuraren taruwar jama'a masu rufi ranar 20 ga watan Yuli.

Yadda aka tsara ibada

Majami'un Katolika, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar, suka sake tsarin abubuwa da dama. Aka zubar da ruwan tsarki da ke bakin ƙofa, wanda kowa ke tsoma yatsa a ciki. Aka dakatar da musafahar salama da ake yi a tsakiyar sujada. Aka yi wa kujeru alama, wannan a zauna, wancan a tsallake. Masu aikin sa kai suka tsaya a ƙofa da kwalbar maganin wanke hannu, suna tuna wa wanda ya manta.

Wuri mafi wuya shi ne Jibin Ubangiji, inda fada ke ba kowane mai bi ƴar gurasa. Aka tsara cewa fada zai wanke hannu, ya sa takunkuminsa, ya ajiye gurasar a tafin hannun mai karɓa, shi kuma ya sauke nasa takunkumin ya ci, ya mayar. Amma akwai masu riƙo da tsohuwar al'ada, waɗanda suka saba fada ya ɗora musu gurasar a kan harshe suna durƙushe. A wurinsu wannan sha'anin girmama abu mai tsarki ne, kuma a nan ne saɓani ya fi tsanani.

Da cutar ta dawo da ƙarfi, aka sake kulle ƙasar ranar 30 ga watan Oktoba na 2020. A ƙarshen Nuwamba gwamnati ta ce a koma ibada, amma kada a wuce mutum 30 a kowace majami'a, ƙarama ce ta ƙauye ko babba mai ɗaukar dubbai. A wannan karo shugabannin Katolika da kansu suka kai ƙara. Ranar 29 ga watan Nuwamba kotu ta sake ba su gaskiya, ta ba gwamnati kwana 3. Sai aka koma ga wani tsari: a bar kujera biyu tsakanin iyali da iyali, a kuma tsallake layi ɗaya cikin biyu. Abin lura a nan shi ne, shugabannin sun yi jayayya a kan yawan mutane, amma takunkumi sun karɓe shi, sun kuma umarci mabiyansu da shi.

Daren Ista a Pari

Duk da haka ba a rasa masu bijirewa ba. A daren Ista na farkon watan Afirilu na 2021, lokacin da asibitocin Pari ke cike, aka nuna ta intanet sujadar da aka yi a majami'ar Saint-Eugène-Sainte-Cécile. Aka ga limamai a cunkushe babu takunkumi, jama'a da yawa fuska a buɗe, ana kuma ɗora gurasa a kan harshe. Hoton ya bazu, mutane suka fusata. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ya buɗe bincike, ƴan sanda suka tsare limamai biyu don yi musu tambayoyi.

Babban limamin Katolika na Pari a lokacin, Michel Aupetit, likita ne kafin ya shiga aikin addini. Bai jira hukuncin gwamnati ba, ya sa aka buɗe wa shugaban majami'ar shari'a bisa dokokin Katolika, saboda ƙin bin umarnin da aka ba kowa. A lokacin, tarar rashin sa takunkumi a Faransa Yuro 135 ce, wato kimanin jika 88 na kuɗinmu. Amma abin da ya fi tara nauyi shi ne a ce naka ne ya ce ka yi kuskure.

Masu ƙin takunkumi suna da hujjojinsu. Sun ce tun daga dokar 1905 addini da gwamnati suka raba gari a Faransa, don haka minista ba shi da ikon koya wa fada yadda zai yi sujada. Sun ce mai imani ba ya tsoron mutuwa. Masu goyon baya suka amsa cewa koyarwar Kirista ta ɗora ƙaunar maƙwabci a kan kowa, kuma wanda bai ji tsoron tasa mutuwar ba, ba shi da ikon jawo ta tsohuwar da ke zaune kusa da shi. Suka ƙara da cewa idan majami'a ta ƙi sharaɗi mai sauƙi, ita ce ke ba hukuma dalilin rufe ta.

Ranar 14 ga watan Maris na 2022 aka ɗage dokar takunkumi a yawancin wurare, har da wuraren ibada. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matsayin annobar gaggawa.

Abin da za mu riƙe

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana wannan jarrabawa. An samu mutum na farko da ya kamu ranar 19 ga watan Maris na 2020, aka rufe masallatai da majami'u, ba a sake buɗe su ba sai ranar 13 ga watan Mayu. Kowa ya tuna yadda abin ya yi wa jama'a ɗaci.

Labarin Faransa ya nuna cewa kowane ɓangare yana da nasa nauyi. Hukuma ta auna doka daidai da haɗari, ta shawarci shugabannin addini tun kafin ta sa hannu, ta kuma faɗa wa mutane gaskiya tun farko, domin magana biyu tana kashe amana. Shugabannin addini kuma su san cewa jandarma ba zai tsaya a kowace ƙofa ba. Abin da liman ko fasto ya faɗa daga kan mumbari, ya kuma aikata a gaban idon jama'a, shi ake bi. Inda fada ya sa takunkumi, da wuya na bayansa ya ƙi.

Ƙasarmu ta san sanƙarau, ta san ƙyanda, ta san amai da gudawa. Wata annoba na iya zuwa a kowane lokaci, kuma ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Ya kamata ma'aikatan lafiya da shugabannin masallatai da na majami'u su riƙa zama tare tun yanzu da ake cikin kwanciyar hankali, su san juna, su tsara abin da za a yi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.