Idan an cuce ka a Gadarif, ga abin da doka ta ba ka

Duk wanda ke bin hanyar Gadarif zuwa Gallabat, garin da ke fuskantar Matama ta Habasha, ya san riba da haɗari tare suke tafiya. Shekara da shekaru 'yan fashin da ake kira shifta suna addabar yankin Fashaga, suna kore shanu, suna kwashe amfanin gona, suna sace mutane don kuɗin fansa. A cikin gari kuwa, ga mai karɓar riɗi ko dawa bashi ya ɓace, ga mai ba da cekin da babu kuɗi a bayansa.

Abin takaici shi ne da yawa daga cikinmu, idan abin ya same mu, sai mu ce ƙaddara ce, mu haɗiye. Wasu na tsoron a fara tambayarsu asali, alhali Hausawa sun zauna a ƙasar nan tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, kuma Mai Wurno na nan a bakin kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan shirun namu shi ne jarin macuci.

Matakin farko shi ne buɗe ƙara, wato balag, a ofishin 'yan sanda ko a niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara. Kada a bari a kwana biyu. A tafi da rasit, da littafin bashi, da shaidu, a kuma rubuta lambar ƙarar a ajiye. Idan jami'in niyaba ya ƙi buɗe ƙarar ko ya rufe ta, ana iya ɗaukaka batun zuwa na sama da shi.

Idan an ji wa mutum rauni, sai ya nemi takardar da ake kira Urnik 8. 'Yan sanda ne ke bayar da ita, likita ya cike. Rauni yakan warke kafin ranar shari'a, amma abin da likita ya rubuta yana nan a gaban alƙali.

Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta ambaci yawancin abin da ke damun ɗan kasuwa. Sashe na 162 na magana kan satar mutane, na 174 kan sata, na 175 kan ƙwace, na 177 kan cin amana, na 178 kan damfara, na 179 kuma kan cekin da banki ya dawo da shi. Mai irin wannan ceki a hannu ya fara karɓo shaidar banki kafin ya nufi niyaba.

Ɗaure mai laifi kaɗai ba ya mai da jari. Shi ya sa sashe na 46 ya ce kotu ta umarci a mayar da dukiyar da aka ci, kuma tana iya yanke biyan hasara idan wanda aka cuta ko danginsa sun nema. To, a lura, sai an buɗe baki an nema. A batun kisa kuwa, magada na da ikon neman ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko kimarsu a kuɗi yadda Alƙalin Alƙalai ya ƙayyade.

Idan abin ya shafi yara, akwai sashen 'yan sanda na kare iyali da ƙananan yara, wanda aka fara a Khartum a 2007, ga kuma dokar yara ta 2010. Safarar mutane, wadda ta yi ƙamari a kan iyakokin gabas, tana da tata dokar ta 2014. Wanda bashi ya karya shi kuma, ya tuna Diwanin Zakka na da kason mabarta.

Ba mu raina sulhun dattawa da shugabannin kasuwa ba, domin sau da yawa ya fi kotu sauri. Amma kada wani ya sa hannu a takardar janye ƙara kafin kuɗinsa su shigo hannu, a gaban shaidu.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kwararo dubban 'yan gudun hijira zuwa Gadarif, ya kuma ƙara wa ofisoshi nauyi. Saboda haka sai an yi haƙuri, an yi ta bibiya. Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ware mutum ɗaya mai jin Larabci sosai, wanda zai riƙa raka duk ɗan uwan da aka cuta zuwa ofis tun ranar farko.