Auduga Da Kishiyarta

Manoma da 'yan kasuwan Gagarawa Tasha, ku sani auduga tana da kishiya, daga itace kuwa ta fito.

Asalin zaren auduga wani sinadari ne, selulos, wanda ke cikin itace ma. A 1892 waɗansu masana a Ingila suka gano dabarar narkar da na itacen da magani, daga baya kuma aka gano yadda za a tura shi ta ƙananan kafofi, ya fito zare mai sheƙi kamar siliki. Sunansa reyon.

To, amma kishiyar nan tana da aibi. In ta jiƙa sai ta yi rauni, auduga kuwa ƙarfi take ƙarawa cikin ruwa.

Saboda haka mai sayen yadi a Maigatari ko Gumel ya zare sili ɗaya, ya jiƙa, ya ja. In ya tsinke nan da nan, ya yi hattara. Manomi kuma ya tsince audugarsa tsab, kada ya ɗura ta a buhun leda, gama zaren leda ba ya shan rini, sili ɗaya ya kan ɓata turmi guda.