Shawara ba cuta ɗaya ba ce: abin da ya kamata kowane gida ya sani game da hanta da matsarmama



Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san wata 'yar jaka koriya da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali domin idan ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu kuma su ce maɗaciya. Mu ma muna da irinta a cikinmu, kuma ruwan da ke cikinta yana da alaƙa da ciwon da muke kira shawara, wanda kusan babu gidan da bai taɓa gani ba a nan Kaladan da sauran unguwannin Tamale.

Hanta ce ke haɗa wannan ruwa, kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana, matsarmama kuwa rumbun ajiya ce kawai. Babban abin da ke aiki a cikinsa wani sinadari ne da likitoci ke kira gishirin matsarmama, wanda hanta ke sarrafawa daga kitsen nan mai suna kolestarol. Da zarar tuwo da miyar gyaɗa ko abincin da aka dafa da man kaɗanya ya sauka cikin ƙaramin hanji, sai matsarmama ta matse ta zuba ruwanta a kansa. Gishirin yana yi wa maiƙo abin da sabulu ke yi wa kwanon miya: ya farfasa shi ƙanana har hanji ya iya tsotse shi, tare da bitamin A da D da E da K, waɗanda ba sa shiga jiki sai da maiƙo.

Abin mamaki shi ne, duk gishirin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Yana isa ne saboda jiki ba ya zubar da shi. A ƙarshen ƙaramin hanji ana tsotse kusan kashi 95 cikin 100, jini ya mayar da shi hanta, hanta ta sake turo shi. Kamar guga yake, ya shiga rijiya ya fito ya sake komawa, sau da yawa a wuni guda. Ɗan abin da ya fita ta bayan gida shi kaɗai hanta ke sabuntawa.

A cikin wannan ruwa kuma jiki ke fitar da wata shara mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Ƙwayoyin jan jini sukan rayu kamar kwana 120, idan sun mutu ita ce ragowarsu. Hanta na kwashe ta, ta bi ruwan matsarmama zuwa hanji, ita ce ma ke ba bayan gida launinsa. Idan ta taru a jini sai ido ya yi rawaya. Wannan ita ce shawara. Ke nan alama ce, kuma hanyoyi uku ne ke kawo ta. Ko jini ya riƙa farfashewa fiye da kima, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko amosanin jini. Ko hantar kanta ta kamu da ciwo. Ko kuma hanyar da ruwan ke bi ta toshe, saboda tsakuwa ko ƙari. Idan toshewa ce, fitsari yakan yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Tunda musabbabin ya bambanta, babu jiƙo ɗaya da zai warkar da su duka, wasu saiwoyin ma ƙara wa hantar da ta gaji nauyi suke yi.

Mu fara da jarirai. Yawancinsu sukan yi 'yar shawara daga kwana na 2 ko na 3, ta wuce da kanta. Amma wadda ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a jiran ranar suna kafin a kai shi asibiti. Shanya shi a hantsi ba ya maye gurbin fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta a asibiti. A kuma nisantar da kafur daga kayansa, domin yana farfasa jinin wasu yara. Idan shawara ta wuce mako 2, uwa ta duba launin kashin ɗanta. Fari ko mai kama da toka na iya nufin hanyar matsarmama a toshe take. Wani likitan Japan, Morio Kasai, ya samo aikin tiyatar da ke buɗe wa ruwan hanya tun shekarun 1950, amma ya fi yin nasara idan aka yi shi kafin jariri ya cika wata 2. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mata masu juna biyu. Akwai wadda a watannin ƙarshe za ta riƙa jin ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ba tare da ƙuraje ba. Sau da yawa akan ce zafi ne ko laulayi. Alhali yana iya kasancewa gishirin matsarmama ne ya taru a jininta, kuma idan ya yi yawa ɗan da ke ciki na iya mutuwa kafin haihuwa. Gwajin jini ne ke nunawa, likita na iya ba da magani ko ya matso da ranar haihuwa. Maigida, idan uwargida ta kawo wannan kuka, kada a jira ranar awo.

Ga manya kuwa, babban abin tsoro a yankinmu shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a shekarar 2022, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ya fi yawa. Yana yaɗuwa ta jini, ta saduwa, ta askar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri. Cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha ba sa yaɗa shi, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi. Jarirai 9 cikin 10 da suka kamu sukan zauna da shi har girma, shekaru babu alama, sai hanta ta ƙanƙance ko daji ya kama ta sannan ido ya yi rawaya. Gana ta sa rigakafinsa cikin allurar yara tun shekarar 2002, ana yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Ma'ana, yawancin waɗanda aka haifa kafin wannan shekara, wato iyayen gidajen yau, ba su samu ba. Mai ciki da gwaji ya nuna tana da shi ta shirya da ma'aikatan lafiya tun da wuri, domin a yi wa jaririnta allura cikin awa 24 na farko.

Akwai kuma abin da ke rumbunmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi funfuna mai ɗauke da dafin aflatoksin, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Idan ya haɗu da nau'in B a hanta ɗaya, haɗarin daji yakan ninka. A shanya amfanin gona ya bushe sarai, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar, ko a gida aka noma ta ko a kasuwar Aboabo aka sayo.

Shawararmu ga kowane gida ita ce, a kula da abu huɗu: launin ido, launin fitsari, launin bayan gida, da ƙaiƙayin da ba a ga dalilinsa ba. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya nufi Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa a auna jini, kafin a jiƙa komai. Wanda kuma bai ga komai ba, ya je gwajin nau'in B ko sau ɗaya, tare da iyalinsa, musamman masu shirin aure.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuri'a, amin.