Atini Ya Warke, Ciki Bai Daina Murɗa Ba



Mu mutanen ƙasar Bagudo, tun daga Illo da Lolo a gefen kogin Kwara har Tsamiya ta bakin iyakar Binin, mun san halin ambaliya. In ruwa ya cika, kamar na shekarar 2020, ƙazanta kan gangara rijiyoyi, sai gudawa da atini su bi gida-gida. To, sau da yawa zawon ya tsaya, amma wata da watanni ciki na murɗa miki. Ki ci tuwo kaɗan, ki ji kamar an ɗaure ki da igiya. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce raki ne. Ba ko ɗaya.

Kin san in kika ƙone a wurin girki, ko bayan fatar ta haɗe, ruwan ɗumi ma zafi yake miki a wurin? Haka hanji yake. Akwai jijiyoyi a jikinsa masu kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, kuma kumburi yana sa su zama masu saurin firgita.

An yi nazarin haka a jikin ɓeraye. A 1988, a Jami'ar Iowa ta Amurka, masana biyu, Ness da Gebhart, suka riƙa sa ɗan balan-balan a hanjin ɓera suna hurawa, suna auna yadda yake ɗaure ciki saboda zafi. Masu bincike na baya suka ga cewa in hanjin ya kumbura, iskar da lafiyayyen ɓera ba zai damu da ita ba sai ta sa shi murɗewa. A 2000 kuma, a jihar Texas, Al-Chaer da abokan aikinsa suka tsokani hanjin jariran ɓeraye. Suka girma, hanjin ya koma lafiya lau a ido, amma saurin jin zafin bai tafi ba. Wannan ya isa ya sa mu daina sakaci da gudawar jarirai.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma a mutane ma an ga kusan ɗaya cikin 10 na waɗanda suka yi zawo mai tsanani suna fama da wannan murɗar daga baya, kuma ta fi kama mata.

Don haka, 'yar'uwa, ki daina aiken yaro kemis ya sayo miki Flagyl duk sanda ciki ya motsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kwantar da jijiya, yana ma iya ƙara dagula hanjin. Ki nemi izinin maigida ki ga likita, akwai magungunan da ke sassauta murɗar. Ki lura da abincin da ke tayar miki da ita, ko wake ne, ko madara, ko yaji.

Amma in kika ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko rama, ko ciwon ya tashe ki daga barci, wannan wata magana ce daban. Ranar nan za a kai ki asibiti, ba gobe ba.