Tuƙi cikin hazo: kada gudunka ya wuce ganinka

A Turai ƙanƙara ce ke kayar da motoci lokacin sanyi. A yankinmu kuwa hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙurar Sahara har Kumasi. Direban da ya taso daga Ayigya Zango zuwa Tamale, ta Techiman da Kintampo, yakan tarar hazon na ƙara kauri yayin da yake nausawa arewa, ga kuma hayaƙin ƙunar daji.

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. In ganinka bai wuce mita 50 ba, daƙiƙa biyu ce kacal tsakaninka da tirelar da ta mace kan kwalta. Ko ka taka birki, motar ba za ta tsaya kafin nan ba.

Saboda haka rage gudu. Kunna ƙaramar fitila, domin babbar ƙura take haskawa, hasken ya dawo maka ido. Bar tazara mai yawa, kuma kada ka wuce wata mota alhali ba ka hango gabanta. In hanya ta ɓace maka, sauka gefe sosai ka kunna fitilun gargaɗi. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.