Idan Famfo ko Injin Niƙa Ya Tsaya Saboda Raunin Wuta

A Aboabo, Asawase da sauran unguwannin Zango, famfon burtsatse ko injin niƙa, wanda mutanen Kumasi ke kira nikanika, yakan tsaya alhali ba a ɗauke wuta ba. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Wutar ce ta yi rauni.

Kamfanin ECG ne ke ba Kumasi wuta. Ta gida volt 230 ce, ta manyan injuna masu layi uku kuwa kusan volt 400. Yawancin injuna suna jure raguwar kashi 10 cikin 100, wato zuwa 207 ko 360. Idan ta faɗi ƙasa da haka, ƙarfin injin yakan ragu, ya riƙa jan wuta fiye da kima, koyil ya yi zafi har ya ƙone. Shi ya sa ake sa wa wasu injuna akwatin sarrafawa mai ɗan allo. Da ya ji wuta ta yi ƙasa sai ya kashe injin, ya nuna haruffa irin su Uv ko Lv. Kare injin yake yi.

Ga abin da kowa zai iya lura da shi ba tare da taɓa komai ba. Da wane lokaci yake tsayawa? Idan bayan magariba ne, lokacin da kowane gida ya kunna kaya, nauyi ne ya yi wa layin yawa. Idan sai mai walda ko wani injin ya tashi, to layi ɗaya suke ja. Ku duba ko kwan fitila ya dushe, ko fanka ta rage gudu, ko injin yana gurnani bai juya ba. Ku rubuta lokacin da haruffan allon.

Sauran aikin na mai gyara ne wanda ke da takardar Hukumar Makamashi ta Gana. Zai fara auna wuta a bakin mita, sannan a bakin akwatin, injin yana kashe da kuma yana aiki. Idan tun daga mita ta yi ƙasa, sai a kai rahoto ECG. Idan a mita daidai take amma ta ragu a wurin injin, waya ce ta yi siriri ko tsawo, ko wani mahaɗi ya saki. Idan layi ɗaya cikin ukun babu wuta, zai duba fiyus. Idan duk sun yi daidai, laifin yana cikin akwatin. Ƙaramin janareta ma yakan jawo wannan matsala.

Kada ku yi ta kunna injin bayan ya tsaya. Kada a sa waya a madadin fiyus. Kada kowa ya buɗe akwatin, domin yana riƙe wutar da za ta iya kisa na wasu mintuna bayan an kashe shi. Ku nisantar da yara, musamman inda ƙasa ta jiƙe. Jona wuta ta bayan mita laifi ne a dokar Gana, kuma yana ƙara raunana wutar kowa.

Idan kun ji warin ƙuna, ku kashe babban makunni in hannunku a bushe yake, ku kira 112. In koyil ya ƙone, sai an kai shi naɗi, a yi kwanaki ana sayen ruwa. Allah Ya kiyaye.