Shirin Musamman: Kanon da Bakano Bai Shiga Ba

(KIƊAN BUƊE SHIRI: ALGAITA DA TAMBARI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA:  Yau a birnin Kano za mu wuni, kuma da 'yan gari nake son magana. Malam, Hajiya, ku da aka yanke wa cibiya a Gwale ko Fagge ko Yakasai, yaushe rabonku da Gidan Makama? Da yawanmu, tun ranar da malamin firamare ya jera mu biyu-biyu ya kai mu. Wani kuwa ya yi furfura yana wuce ƙofar a adaidaita sahu, bai taɓa sa ƙafa a zauren ba. Amma baƙo zai taso daga Legas ko Jamus, kafin ya kwana biyu ya zagaye gidan kaf, ya koma ƙasarsu yana ba da labarin kakanninmu.

Gidan yana nan dab da fadar Mai Martaba. A ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Ke nan ya girmi Gidan Rumfa, fadar da sarakunanmu ke zaune a ciki har yau. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi ofis a cikinsa, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan tarihi a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Abin da zai fara tarbarka shi ne sanyi. Ka shigo da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, za ka ji ɗakunan da sanyi ƙalau, saboda kaurin bangon ƙasa da tsayin rufin azara. Ɗaga kai ka dubi bakan gizon da magina suka ɗaure ba siminti ba rodi. Mu da muke gina ɗakin bulo da kwano, mu kwana a tsakar gida saboda gumi, akwai abin da ya kamata mu tsaya mu tambayi waɗannan magina.

Daga nan sai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, masu nauyin da sai ƙarti sun haɗu suke tura su. Ga sulke da lifidi da kwalkwali, ga kwari da baka. Ga kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara sa a busa wa sarki. A can ciki akwai ɗakin amarya irin na da, da jerensa. Shawarata ɗaya a nan: idan Allah ya bar muku kaka a gida, ku tafi da ita. Jami'in da ke zagayawa da baƙi zai gaya muku shekara da sunan sarki. Ita kuwa Iya za ta nuna tasa ta ce irinta aka jera mata, ta faɗi wanda ya saya da kasuwar da aka sayo. Yaran da suka ji wannan daga bakinta ba za su manta ba.

(KIƊAN GARAYA, TAƘAITACCE)

MAI GABATARWA: Mu fita daga cikin ganuwa, mu nufi Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa. Mai gidan Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Kanawa suka raɗa masa Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi. A 1909 ya buɗe makarantar boko a nan, inda aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai daga lardunan Arewa. Duk muhawarar da muke yi yau a kan allo da boko, a wannan unguwa aka ɗaura ɗambarta. Ko kana ganin alheri ya kawo, ko kana da ja, ya kamata ka ga wurin da idonka.

A Gwammaja kuma akwai Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a watan Afrilun 1983. Yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Matashin da ke sha'awar siyasa ya je ya ga ɗakin da jagoran talakawa ya rayu a ciki, ya auna da abin da yake gani a yau.

Sai ɗakin karatu, kuma a nan zan ɗan daɗe. A kan titin Ahmadu Bello akwai Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Ku tuna yadda gidajenmu suke a cikin gari: ɗaki biyu, yara takwas, ga rediyo, ga injin markaɗen maƙwabta, ga masu sallama ba ƙaƙƙautawa. Yarinyar da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB, a ina za ta zauna awa uku ba a aike ta ba? Tebur da kujera da shiru, su ne abin da ɗakin karatu ke ba ɗan talaka, kuma samunsu a birni mai miliyoyin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kusan ko'ina ka zauna a garin nan sai an tambaye ka me za a kawo maka. A nan ba mai tambayarka.

Abin da ke damuna shi ne mun mayar da shi wurin 'yan jarrabawa kawai. Tela da direba da matar aure duk suna da rabo a ciki. Ka shiga ka tambayi ma'aikaci ina Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ina Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan babu, ka rubuta buƙata, ka dawo ka sake tambaya, don littafin da ba a nema ba a sayo shi. Kano fa garin littafi ne tun zamanin da Shehu Maghili ya sauka a nan ya rubuta wa Rumfa nasihar mulki. Har yanzu akwai gidajen malamai da ke da rubuce-rubucen hannu a cikin gafaka, gara da damina suna cinye su. Wanda ya gaji irin wannan, ya nemi masana a Jami'ar Bayero su duba masa yadda za a adana su tun kafin takardun su marmashe.

(KIƊA, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Wurin shan iska kuwa, gaskiya muna da ƙaranci. Gidan Zoo, wanda Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, da sallah kawai muke tunawa da shi, mu cika shi maƙil har yaro ba ya iya hango zaki. Ku gwada zuwa ranar Talata da hantsi. Manyan bishiyoyi ne da inuwa, iyali su shimfiɗa tabarma su ci abin da suka zo da shi.

In kuma da sauran ƙarfi a gwiwa, a hau Dutsen Dala bayan la'asar. Daga sama za ka ga Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da rufin kasuwar Kurmi. Za ka kuma ga abin da ba ya ganuwa daga ƙasa: yadda gine-gine suka haɗiye filaye, kududdufai sun zama shaguna, badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12 ta zaizaye, wani wurin ma an ɗebe ƙasarta an yi gini. Filin da 'yan unguwa ke zama a ciki kullum, yara na ƙwallo, dattawa na hira, yana da wuya a wayi gari an kafa masa harsashi ba wanda ya ce uffan. Wanda aka ƙaurace wa shi ake fara yankawa.

Kafin ku tashi, ku tambayi ranakun buɗewa da kuɗin shiga, ku riƙe ruwan sha, kuma a gidajen tarihi ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Mu haɗu a shiri na gaba idan mai duka ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)